Hotunan Jahangir: Abin da Takobi Ya Kasa Ci, Mai Zane Ya Ci Masa

 Yau shirin namu zai leƙa Indiya ta shekaru ɗari huɗu da suka wuce, zamanin daular Mugal wadda Babur ya kafa bayan ya ci yaƙin Panipat a 1526. Idan an ambaci wannan daula, Taj Mahal ne ke fara faɗo wa mutane a rai. Mu kuwa ƙananan abubuwa za mu duba, hotunan sarakuna da aka zana da hannu a kan takarda, waɗanda yawancinsu ba su wuce girman shafin littafi ba. Maganar da nake so in kafa ita ce, hoton sarki a fadar Mugal da'awa ce ake gabatarwa, kuma an ɗauko kamannin fuska na gaskiya ne don su tsaya wa da'awar shaida. Wanda ya ajiye hotunan a gefe ɗaya, ya ajiye tarihi a ɗaya gefen, zai ga cewa waɗanda suka fi cika baki an zana su ne daidai inda ƙarfin sarki ya ƙare. Sarkin da za mu fi tsayawa a kansa shi ne Jahangir, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627.

Asalin sana'ar daga Farisa ta zo. Humayun ɗan Babur ya rasa mulkinsa, ya nemi mafaka wurin Shah Tahmasp, da ya dawo ya ƙwace Delhi a 1555 yana tare da gwanayen masu zane biyu, Mir Sayyid Ali da Abdussamad. Ɗansa Akbar ne ya mai da abin babbar ma'aikata. Abul Fazl, marubucin fadarsa, ya ce masu zanen da suka ƙware sun haura ɗari, Musulmi da Hindu, kuma duk mako ana shimfiɗa aikinsu gaban sarki, ya ba da tukwici ko ya ƙara albashi gwargwadon kyan aikin. Abin da ya fi shafar mu shi ne wani umarni da Akbar ya bayar. Ya zauna aka zana shi, sannan ya ce a zana dukkan manyan fadawansa, kowa da ainihin kamanninsa, a haɗa su cikin kundi guda. A zanen Farisa na gargajiya sarki da jarumi da masoyi kusan duk fuska ɗaya suke da ita, sai tufafi da wurin zama ke bambanta su. A fadar Akbar aka fara neman karan hancin wane, da furfurar wane, da tumbin wane. Sarkin da yake riƙe da ƙasa mai faɗi ta hannun hakiman da suke nesa da shi na tsawon shekaru yana da buƙatar sanin fuskokinsu, don haka wannan kundin kayan mulki ne kafin ya zama kayan ado.

Jahangir ɗan Akbar ya gaji ma'aikatar, ya rage yawan masu aiki, ya tsananta neman inganci. A littafin tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, ya yi alfahari da cewa ko an kawo masa hoton da mutane da yawa suka yi tarayya wajen zanawa, zai iya faɗin wanda ya zana kowace fuska, har ma ya bambance wanda ya zana ido da wanda ya zana gira. Yana da kyau ku ji yadda ake aikin. Ana manna takardu sirara da yawa su zama ɗaya mai kauri. Launin shuɗi mai tsada daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan. Zinariya kuwa sai an buga ta ta zama falle, a murje ta ta zama gari, a kwaɓa da ƙaro. Buroshin gashin jelar kurege ne, wani bakinsa ya yi sirin da zai ja silin gemu ɗaya ɗaya. Bayan kowane shafi na launi, sai a kifa takardar a kan abu mai santsi, a goge bayanta da dutse har fuskar hoton ta yi sheƙi. Jakadan Ingila, Thomas Roe, wanda ya zauna a fadar daga 1615 zuwa 1619, ya ba da labarin cewa ya nuna wa sarki wani ɗan hoto na ƙasarsu, sarki ya sa aka kwaikwaya, aka jera masa na asali da na kwaikwayon, sai da ya sha wuya kafin ya gane nasa. Mutanen da suka kai wannan matsayi wajen kama gaskiyar abin da ido ya gani, idan suka zana abin da bai faru ba, da gangan suka yi.

Ga misali na farko. Wajen 1618, Abul Hasan, mai zanen da Jahangir ya fi ƙauna har ya ba shi laƙabin Nadiruz Zaman, ya zana shi yana rungume da Shah Abbas na Farisa. Hoton yana gidan tarihi na Freer a Washinton. Sarakunan biyu suna tsaye a kan duniya, an zana ta kamar ƙwallo da taswira a jikinta. A bayansu akwai wata ƙatuwar da'irar haske, rana da jinjirin wata a haɗe, amma tsakiyarta a kan Jahangir take. Shi dogo ne, kakkaura, ya sha lu'ulu'u. Shah Abbas ɗan ƙarami ne, ya ɗan rusuna, ya shige cikin hammatarsa. Jahangir yana taka zaki, Abbas yana taka tunkiya, dabbobin biyu suna kwance lafiya, sai dai zakin ya miƙe jikinsa har ya rufe ƙasar Farisa, ya tura tunkiyar can yamma. Rubutun da ke jikin hoton ya ce mafarki ne sarki ya yi. A zahiri waɗannan mutane biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Amma fuskar Abbas tasa ce, domin Jahangir ya tura mai zane Bishandas cikin tawagar jakadansa Khan Alam zuwa Farisa musamman don ya ɗauko kamanninsa. To, me ke tsakaninsu a lokacin? Garin Kandahar, ƙofar kasuwanci da yaƙi tsakanin daulolin biyu. Yana hannun Mugal tun 1595, Abbas kuwa bai taɓa cire ido daga kansa ba. A 1622 ya zo ya ƙwace shi. Jahangir ya umarci ɗansa Khurram ya je ya karɓo, ɗan ya ƙi tafiya, ya yi tawaye. Hoton rungumar an yi shi ne a shekarun da fargabar wannan rana take damun fada.

Misali na biyu ya fi wannan tsanani, kuma ya shafi ɗan Afirka. Malik Ambar an haife shi a Habasha wajen 1548. An sayar da shi bawa yana yaro, ya bi ta Bagadaza, ya ƙare a Dekkan, tsaunukan kudancin Indiya, a hannun wani waziri na masarautar Ahmadnagar wanda shi ma Bahabashe ne. Bayan ya sami 'yanci ya tara rundunarsa, ya zama shi ne mai juya masarautar, yana naɗa sarki yana tsare masa gado. Ya gane cewa ba a tarar rundunar Mugal gaba da gaba, sai ya ɗauki mahayan Marata masu dawakai marasa nauyi, suna datse hanyar abinci, su kai hari su ɓace. Mugal sun ci shi a wasu fagagen, sun ƙona garinsa Khadki a 1616, amma duk lokacin da suka juya baya sai ya dawo da abin da ya rasa. Jahangir ya tsane shi ƙwarai, a littafinsa ba ya ambatonsa sai da zagi, har da gorin baƙar fata. A cikin wannan hali Abul Hasan ya zana hoton da ke ɗakin karatu na Chester Beatty a Dablin. Jahangir yana tsaye a kan duniya, duniyar tana kan sa, san yana kan kifi. Ya ja baka, yana harba kibiya cikin bakin kan Malik Ambar, wanda aka yanke aka soke a tsinin mashi. Mujiya tana zaune a kan ƙoƙon kan, alamar duhu. Jarirai masu fukafukai suna miƙo wa sarki makamai daga sama. A gefe an kafa hatimin da ke ɗauke da sunayen kakanninsa har zuwa Taimur. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya auku. Malik Ambar ya karya haɗin gwiwar Mugal da masarautar Bijapur a yaƙin Batwadi a 1624, ya rasu a 1626 yana tsoho, kansa na bisa wuyansa, aka binne shi a Khuldabad. Mu'utamad Khan, marubucin fadar Jahangir, da labarin rasuwar ya zo, ya yaba masa a rubuce a kan iya yaƙi da iya mulki.

Nan mai sauraro zai iya cewa, ashe dai ƙarya ce da fadanci, mene ne abin ɓata lokaci a kai? Wannan magana tana da ƙarfi, amma ban yarda ta ƙare zancen ba. Da farko, ba wanda aka ruɗa. Duk bafaden da ya kalli hoton ya san Malik Ambar yana raye, wataƙila ma ɗan'uwansa yana can Dekkan yana fama da shi. Abin ya fi kama da kirarin da maroƙi yake yi wa sarki a bainar jama'a: kowa ya san sarki ba giwa ba ne, amma kirarin yana faɗin abin da ake so sarauta ta zama, kuma yana ɗora wa mai ita nauyi. Ku lura da wani abu a hoton Malik Ambar. Daga ƙwallon duniya zuwa mashin an ja sarƙa mai ƙararrawa, da ma'auni rataye a jikinta. Wannan sarƙa ta wanzu da gaske. Jahangir ya rubuta cewa umarninsa na farko da ya hau gado shi ne a ƙera sarƙar zinariya mai ƙararrawa 60, a ɗaura ta daga ganuwar fadar Agra zuwa wani ginshiƙin dutse a bakin kogin Yamuna, domin wanda aka zalunta, alƙalai suka ƙi saurarensa, ya girgiza ta sarki ya ji. Sa ta cikin hoton yana nufin sarki bai ce ya cancanci cin Dekkan don ya fi ƙarfi ba, ya ce don shi ne mai adalci. Wanda ya kafa hujjarsa a kan adalci ya ba mutane ma'aunin da za su auna shi da shi, mu ma da shi muke auna shi yau.

Haka abin yake a hoton da ya fi kowanne shahara, wanda Bichitr ya zana tsakanin 1615 da 1618. Jahangir yana zaune a kan agogon yashi, wato kwalaben gilashi biyu da aka haɗa baki da baki, yashi na zurarewa daga ta sama zuwa ta ƙasa. Yawancin yashin ya riga ya sauka. Wasu jarirai masu fukafukai suna rubuta masa addu'ar shekara dubu a jikin gilashin. Mutum huɗu suna jere a gabansa daga sama zuwa ƙasa. Na farko Shaihu Husaini ne, mai kula da hubbaren waliyyi Mu'inuddin Chishti a Ajmer, dattijo mai farin gemu, kuma shi sarki ya juya yake miƙa wa littafi, shi kuwa ya shimfiɗa mayafinsa yana karɓa. A ƙarƙashinsa sarkin daular Usmaniyya, sai Sarki James na ɗaya na Ingila, wanda aka kwaikwayo daga wani hoton Turai, sai Bichitr kansa a can ƙasa, ya ɗaura rigarsa ta hagu kamar yadda Hindu suke yi a fadar. Saƙon a fili yake: sarakunan duniya suna jira, shi kuwa malamin Allah ya fifita. Akwai gaskiya a ciki. Akbar ya daɗe ba shi da magaji, ya je wurin Shaihu Salim Chishti neman addu'a, da aka haifi yaron, wato Jahangir, a 1569 aka sa masa suna Salim, kuma Jahangir ya zauna a Ajmer kusan shekara uku daga 1613. Amma dubi wanda yake sama, dubi wanda yake bayarwa da wanda yake karɓa. Tawali'un da aka zana bai sauko da sarki daga kan gadonsa ba. A 1619 kuma wannan sarkin ya sa aka tsare Shaihu Ahmad Sirhindi, babban malamin ɗariƙar Naƙshabandiyya, a kurkukun Gwalior na tsawon shekara guda. Shi ya ce girman kai da manyan da'awowi ya gani a wurinsa, almajiran shaihun suka ce sujadar gaisuwar fada ya ƙi yi. Malamin da ake fifitawa a hoto shi ne wanda albarkarsa take ƙara wa sarauta ƙarfi.

Wani zai ce, in haka ne, wa ya ga hotunan? Ba a liƙa su a kasuwa ba, cikin kundi suke, a cikin fada, talaka bai taɓa sanin da su ba. Gaskiya ne. Talaka abin da yake gani shi ne sarki da kansa, da sassafe, idan ya leƙo ta tagar bene da ake kira jaroka, al'adar da Akbar ya kafa. Amma ba talaka ne ke naɗa sarkin Mugal ko ya tuɓe shi ba. Manyan hakimai ne, Turaniyawa da Farisawa da Rajput da Afganawa da Musulmin Indiya, kowa da dakarunsa. Kuma gidan Taimur ba shi da dokar cewa babban ɗa ne magaji, duk ɗan sarkin da ya sami goyon baya yana iya nema. Jahangir ya san wannan fiye da kowa. Shi kansa ya yi wa mahaifinsa tawaye daga Allahabad, ya sa aka kashe Abul Fazl a 1602, sannan ɗansa Khusrau ya yi masa tawaye a 1606, bai cika shekara a kan gado ba. 'Yan tsirarun da suke buɗe kundin nan su ne ainihin waɗanda ake tsoron juyawarsu. Shi ya sa ma sarki yake ba zaɓaɓɓun fadawa ɗan ƙaramin hotonsa su maƙala a rawani ko su rataya a wuya, alamar sun zama nasa. Thomas Roe ma an ba shi ɗaya.

Akwai kuma masu cewa duk wannan kwaikwayon Turawa ne. Lallai an ara. Limaman Kirista 'yan Jesuit sun iso fadar Akbar a Fatehpur Sikri a 1580 da Littafi Mai Tsarki mai hotuna wanda aka buga a Antwerp, kuma jarirai masu fukafukai da agogon yashi da ƙwallon duniya daga irin waɗannan hotuna suka fito. Sai dai ma'anar da aka ɗora musu ta gida ce. Da'irar haske a bayan kai tana jikin gumakan Buddha da kuɗaɗen sarakunan Indiya fiye da shekara dubu kafin zuwan Jesuit. Tsohuwar aƙidar Farisa ta ce sarauta haske ne da Allah yake saukar wa wanda ya zaɓa, Abul Fazl ya rubuta haka game da Akbar, shi kuma Salim da ya hau gado ya zaɓi laƙabin Nuruddin. Zaki da tunkiya a kwance wuri ɗaya tsohon zance ne a adabin Farisa game da mulkin adalci irin na Annabi Sulaiman. Fada ta ga kayan aiki da suka dace da abin da take faɗa tun da, ta ɗauka. Aron ma bai tsaya a hanya ɗaya ba, domin Rembrandt na Holan ya zauna ya kwaikwayi hotunan Mugal fiye da ashirin a shekarun 1650.

Na san da yawa cikinku tun ɗazu tambayar addini ce a ransu. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan zana mai rai sanannu ne, malaman Indiya na lokacin ma sun san su, kuma Abul Fazl da kansa ya ambaci masu ƙin sana'ar. Ya ruwaito amsar Akbar, cewa mai zane idan ya gama siffanta gaɓoɓi ya ga ya kasa sa rai, dole ya tuna da Mai rayarwa. Wannan hujjar sarki ce, ba fatawa ba ce, kuma buƙatar kawo ta ya nuna cewa sukar tana da ƙarfi a lokacin. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne iyakar da suka kiyaye a aikace. Ba za ka ga surar mutum a Babban Masallacin Delhi ko a Taj Mahal ba, sai ayoyi da furanni da zanen ƙira. Hukunci na malamai ne. Mai nazarin tarihi aikinsa ya karanta abin da aka bari.

Bayan Jahangir, Khurram ɗin nan da ya yi tawaye ya hau gado a 1628 da sunan Shah Jahan, ya ƙara ɗaure ƙa'idar. Sarki da 'ya'yansa ta gefen fuska ake zana su, ba sa kallon mai kallo, kowane bafade yana tsaye daidai gwargwadon muƙaminsa. Wajen 1631 Bichitr ya zana sarakuna uku a zaune: Akbar a tsakiya yana miƙa kambi ga jikansa Shah Jahan, Jahangir yana gefe yana kallo. Akbar ya rasu shekara 23 kafin hawan jikan nasa, kuma Shah Jahan bai sami gadon ba sai da aka kashe ɗan'uwansa Shahriyar da wasu 'ya'yan gidan. Aurangzeb, wanda ya ƙwace mulki a 1658, ya daina fitowa a jaroka, ya janye hannunsa daga masu zane, da yawansu suka watse zuwa fadojin Rajastan da tsaunukan Panjab, inda ƙananan sarakuna suka fara sa a zana musu tasu da'irar hasken. A Delhi ma alamar ba ta mutu ba. Nadir Shah na Farisa ya washe birnin a 1739, ya tafi da gadon sarautar nan mai siffar ɗawisu, daga baya kamfanin kasuwancin Ingila da ke Indiya ya karɓi birnin a 1803, ya mai da sarki mai karɓar alawus. Duk da haka masu zanen fada sun ci gaba da sa hasken a bayan kan Akbar na biyu da Bahadur Shah Zafar, har zuwa lokacin da Turawan Ingila suka tuɓe Zafar bayan boren 1857, suka kai shi Rangun, inda ya rasu a 1862.